DAGA NGAUNDARE ZUWA GARWA A KAN MAGANAR WANKIN YADI

Waɗanda suka halarci hawan Babbar Sallah ta shekarar 2023 a nan Ngaundare ba su bukatar a tuna musu abin da ya sami lifidin unguwarmu. Amma saboda 'yan'uwanmu na Briketeri a Yawunde da na Niyu Bel a Duwala, waɗanda wannan takarda take isa hannunsu, bari mu faɗa a taƙaice.

Tsohon lifidin da muka gada daga iyayenmu ya riga ya mutu, audugar cikinsa ta zama gari, in aka buga shi sai ƙura ta tashi kamar ana sheƙar gero. Sai muka yi karo-karo, daga mai dala ashirin har mai jaka goma, aka sayo yadi ja da fari da rawaya da baƙi, aka ɗinka sabo cikin mako uku don a riski Sallah. Ranar hawa, a ƙarshen watan Yuni, muna kan hanyar komowa daga fada sai hadari ya taso. Kafin mu kai gida jan ya zuba cikin farin, ya sauka har kan cinyoyin doki, farin doki ya koma kamar an yanka rago a bayansa. Yara suka bi mu da ihu. Da lifidin ya bushe kuma sai ya tattare, gefe ɗaya ya ɗage sama, ya ƙi rufe gindin doki.

Ba mu ɗora wa kowa laifi ba, domin mu duka ne muka yi gaggawa, kuma mu duka ne muka zaɓi mai araha. Amma tun daga ranar unguwa ta rabu biyu. Mata suka ce da an jiƙa yadin an wanke kafin a yanka, da haka bai faru ba. Teloli suka ce tun da suke ba su taɓa jin an wanke sabon yadi kafin ɗinki ba, ai sai ya koma kamar na gwanjo. Aka yi wata biyar ana wannan gardama a ƙofar masallaci da teburin mai shayi, kuma ba mai yarda ya sake fid da ko sisi sai an san gaskiyar magana. Daga ƙarshe dattawa suka ce a tafi Garwa, akwai wani tsoho can da ya gaji aikin lifidi daga ubansa, a tambaye shi. Aka zaɓi mu biyu malaman lakwal, saboda muna cikin hutun ƙarshen shekara, aka haɗa mu da telan unguwa da dattijon da yake kula da dokin.

Muka tashi da asuba cikin sanyin Disamba, kowa ya naɗe kai da rawani ko tawul. Wanda bai san Ngaundare ba yana tsammani arewacin Kamaru duk zafi ne, alhali garinmu yana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 1,000, kuma a wannan lokaci ba mai kwana ba bargo. Muka wuce Dang inda jami'a take, muka ci gaba har muka iso gangaren nan da direbobi suke kira falez. Nan ne tudun Adamawa yake ƙarewa, hanya ta yi ta lauje tana gangarowa, manyan motocin da suka ɗauko kayan Cadi daga tashar jirgin ƙasa suna bin ta a hankali kamar tsofaffi a kan tsani. Kafin mu kai Mbe duk mun kwance rawunanmu. Daga nan sai daji, gandun namun Binuwai yana hannun dama, gwaggon biri suna zaune a bakin kwalta suna kallon motoci ba ko gezau.

Tun daga wajen Ngong muka fara ganin abin da ya kawo mu a siffarsa ta farko, watau auduga. An tara ta tsibi-tsibi a bakin ƙauyuka, fara fat, ana jiran awo. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 ya gaji kamfanin Faransawa na CFDT, a Garwa hedkwatarsa take, kuma a wasu shekarun baya-bayan nan abin da manoman arewa suka noma ya haura tan 300,000. Har ƙungiyar ƙwallon garin, Coton Sport, sunan auduga ta ci. A Garwa ne kuma aka kafa masaƙar CICAM, kamfanin da aka buɗe a 1965, inda aka riƙa kaɗa zare ana saƙa ɗanyen yadi a tura Duwala a buga masa zane. Telanmu ya dubi tsibin audugar nan ya yi tsaki, ya ce ga ta a ƙofar gida, amma yadin da muka saya sai da ya ƙetaro teku, kuma ko sunan wanda ya saƙa shi babu a jiki.

Bayan tafiyar kilomita 270 da 'yan kai muka hau gadar Binuwai. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fili, masu wanki sun shanya kaya iyakar ganin ido. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 kogin ya canja hali, kuma jiragen ruwan da a dā suke hawowa daga Nijeriya da damina su yi lodin auduga da gyaɗa sun zama labari. Garwa gari ne shimfiɗaɗɗe mai inuwar dalbejiya, garin haihuwar marigayi Ahmadu Ahijo, kuma ko a Disamba ranarta ba ta wasa da baƙo.

Tsohon da muka zo nema yana zaune a wani zaure mai ƙofa biyu a cikin tsohon gari. Kakansa daga ƙasar Kano ya zo da fataucin goro da tufafi ya zauna. Da mu yana Hausa, da jikokinsa kuwa Fulatanci, kamar dai yadda abin yake a gidajenmu da yawa. Bayan an gaisa an sha ruwa, dattijonmu ya kwance ƙunshi ya shimfiɗa lifidin da ya lalace a gabansa. Tsoho ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu, ya juya bayansa, ya ja nan ya ja can, sa'an nan ya ce, "Wa ya ɗinka?"

Telanmu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Hannunka yana da kyau, yaro. Ɗinkin ba shi da laifi. Yadin ne ba ka tambaye shi halinsa ba."

Muka ce, "To Baba, abin da ya kawo mu ke nan. A wanke ne kafin a yanka, ko kada a wanke?"

Bai amsa ba. Ya aiki jikansa ya kawo butar ruwan zafi da kofunan shayi huɗu na gilashi. Ya karɓi ragowar ƙyallayen da muka zo da su, ya yanki ɗan kaɗan daga kowane launi ya jefa cikin kofi, ya zuba ruwa, ya ce a bar su, ya shiga ba mu labari.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya saboda yaranmu da suka tashi a kudu, waɗanda ba su taɓa ganin lifidi ba sai a hoto. Lifidi riga ce ta doki da mahayinsa, yadi biyu ne ake haɗawa a cusa auduga a tsakani, a bi da layin ɗinki kusa da kusa don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Fuskarsa kuwa ƙananan ƙyallaye ne masu kusurwa uku ko huɗu, launi dabam-dabam, ake harhaɗawa. Asalinsa kayan yaƙi ne: kibiya mai dafi in ta zo sai ta maƙale cikin auduga ba ta kai ga fata ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Baturen nan Denham, da ya zo Borno a 1823, ya sa hoton wani barden Bagarmi da dokinsa cikin lifidi a littafin da ya fito a 1826. Har Sudan an yi amfani da shi, kuma wasu da aka kwasa a lokacin yaƙin Omdurman na 1898 suna gidajen tarihi a Ingila. A ƙasarmu aikinsa na yaƙi ya ƙare da zuwan Jamusawa. A watan Janairu 1902, kusa da Marwa, dawakin Lamiɗo Zubairu na Yola da na mutanen Marwa suka gamu da bindiga mai ruwan harsashi ta sojan Dominik, kuma auduga ba ta tare harsashi. Tun daga nan lifidi ya koma kayan ado na ranar Sallah da tarbar manyan baƙi.

Da tsoho ya gama labari sai ya ce mu dubi kofuna. Na farin da na rawayan ruwa garau. Na baƙin ya ɗan yi duhu. Na jan kuwa sai ka ce zoɓo. Telanmu ya yi shiru. Tsoho ya ce wannan gwaji ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, kuma a kasuwa ma ana iya yin ƙaraminsa: a jiƙa farin hankici a goga a bakin yadi, in ya ɗauko launi a san abin da ake saye.

Amma wannan rabin ciwon ne. Ya juya lifidin ya nuna mana cewa bayansa akoko ne, auduga zalla, fuskarsa kuwa rabi auduga rabi targal. A nan ne mu malamai muka sami abin yi, domin ba ma rabuwa da rula. Muka auna mita ɗaya daidai na ragowar akokon, da mita ɗaya na farin targal, muka yi alama da biro, aka jiƙa su aka shanya. Rana ta Garwa ba ta ɓata mana lokaci ba. Kafin la'asar muka sake aunawa: targal yana nan a 100, akoko ya dawo 95. Lissafin aji huɗu ne. In tsawon lifidi daga wuya zuwa gindi mita 2 ne, bayansa ya tsuke da santimita 10 fuskarsa ba ta motsa ba, ina santimita 10 ɗin nan za su? Dole su tattare, dole gefe ya ɗage.

Dalilin wannan mun koye shi tun a makarantar horon malamai, amma ba mu taɓa tsammani zai yi mana amfani a kan doki ba. A masaƙa ana ɗaure zaren tsaye ne a miƙe da ƙarfi, a shafa masa sitaci don kada ya tsinke, haka kuma ake jan yadin har a naɗe shi. Ranar da ya fara shan ruwa sai sitacin ya narke, zaren ya kumbura ya koma yadda yake so, yadi ya tsuke, galibi ta tsawo fiye da ta faɗi. Yadin auduga yakan rasa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ɗanye irin akoko yakan fi haka. Akwai dabarar tsuke yadi tun a masana'anta wadda wani Ba'amurke mai suna Cluett ya yi wa rajista a 1930, amma ba kowane yadi ake yi wa ba, kuma mai sayarwa a kasuwa ba shi da yadda zai sani. Targal kuwa zaren roba ne, ruwa ba ya shigarsa sosai, saboda haka ba ruwansa da tsukewa.

Muka ce to shi ke nan, mata sun yi gaskiya. Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ku yi sauri, Malamai. Telanku ma yana da tasa gaskiyar."

Ya ce sabon yadi yana da ƙarfi a hannu, almakashi yana bin sa a miƙe, kusurwa tana haɗuwa da kusurwa ba gardama. Wanda aka wanke ya yi laushi, yana zamewa, bakinsa yana warwarewa, sai an yi masa guga, wani lokaci har sai an mayar masa da ɗan sitaci kafin ya yanku. Wannan ƙarin aiki ne na kwana biyu ko uku. Ban da haka akwai yadin da wanki yake kashe shi. Shadda ƙyallinta na bugu ne da ƙaro, in ta sha ruwa sai an sake kai ta wurin masu bugu. Baƙin rini na baba da aka buga masa shuni, irin na rawani, shi zubarsa ita ce adonsa, ba mai hankalin da zai wanke shi. Irin waɗannan in za a sa su a lifidi sai a nisanta su da fari, a raba su da baƙin layi. Ya ce shi kansa ya ɗinka lifidi da yawa bai wanke ba, a shekarun da Sallah take faɗowa cikin rani, don lifidi ba abin wanki ba ne, sau biyu ake fid da shi a shekara a kakkaɓe a mayar.

Sa'an nan ya tambaye mu wata nawa ake ruwa a garinmu. Muka ce daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci tun ƙarshen Maris. Ya yi dariya ya ce to ai mun amsa wa kanmu. Shekarar Hijira tana gaza ta Turawa da kwana 11, saboda haka Babbar Sallah ta 2024 da ta 2025 duk cikin Yuni ne, daga nan Mayu har shekara uku, sa'an nan Afrilu. Mu mutanen tudu muna da sauran shekaru a cikin ruwa. Kuma ko ba ruwan sama, akwai gumin doki, wanda yake jiƙa bayan lifidi sharkaf kowane hawa. Hukuncinsa dai shi ne: akokon baya a jiƙa shi sau biyu a ruwan zafi. Ja da baƙi a yi ta ɗauraye su kowanne shi kaɗai har ruwa ya fito fari, wanda ya kai sau huɗu yana zuba a bar shi, ba na lifidi ba ne. Kuma ƙyallayen da za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ko a wanke su duka ko a bar su duka, kada a haɗa wankakke da ɗanye.

Dattijonmu ya ce ya ji ana jiƙa yadi da gishiri don launi ya kama. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma ba ta da tushe. Gishiri yana taimako a lokacin da ake rini, don launi ya shiga zare. Bayan an gama rini, abin da yake zuba ragowar launi ne da bai kama ba, kuma ba abin da zai kama shi sai dai a fitar da shi.

Game da abin cusawa, tsoho bai yarda da komi ba sai audugar rimi. Ba ta da nauyi, kuma ruwa ba ya shigarta da sauri saboda wani maiƙo da take da shi, shi ya sa a dā Turawa suka riƙa cusa ta cikin rigar ceton masu jirgin ruwa. Aibinta biyu: tana karyewa ta zama gari in ta tsufa, kamar yadda muka gani a namu na gado, kuma ba ta shiri da wuta ko kaɗan. Audugar gona da muka cusa a namu ta sha ruwa ta yi nauyi ta dunƙule.

Da dare aka shigar da mu cikin gida cin tuwo, muka tarar ashe gardamar da muka baro a Ngaundare tana nan ma. Uwargidan tsoho tana tara ƙyallayen da suka rage a zaure tana haɗa bargo, tana sayar wa masu zuwa daga tudu. Ita komi wankewa take yi, domin bargo abin wanki ne, yaro zai yi fitsari a kai. Ta ce ƙananan ƙyallaye ba a cuɗa su, in an cuɗa sai su zama tsumma, a jiƙa su kawai a cikin roba a matse a shimfiɗa a kan tabarma. Surukarta kuwa ba ta wankewa, sai dai ta gwada ja da shuɗi a kofi. Ta ce ita tana son yadda bargo yake 'yan tattarewa a tsakanin layin ɗinki bayan wankin farko, ya fi laushi, ya fi kama jiki.

Uwargida ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, ƙiwuya ce."

Ta ce, "Inna, ai nawa ne suke fara ƙarewa a kasuwa."

Abokin aikinmu, wanda yake koyar da Ingilishi, ya ce matan Amurka masu irin wannan ɗinki na haɗa ƙyallaye su ma sun rabu biyu a kan wannan magana, kuma hujjojinsu ba su wuce waɗanda muka ji a tsakar gidan nan ba. Uwargida ta ce to a gaishe su.

Washegari Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa, kimanin kilomita 15 daga gari, a gindin duwatsun Tingilin. Muka je da farin hankici da gorar ruwa, muna bi rumfa rumfa muna goga bakin jan yadi. Wani ɗan kasuwa ya kore mu, ya ce tun da yake bai taɓa ganin masu saye da wanki a hannu ba. A rumfa ta biyar muka sami jan da bai ba da launi ba sai kaɗan, kuɗinsa ya kusa ninka na wancan. Muka saya, muka ƙara mita ɗaya a kan kowane mita 20 saboda tsukewa. Ranar Litinin muka kai wa masu wanki a gindin gada, muka zauna a kan yashi muna gadi kada a haɗa ja da fari, har suka bushe.

Tsoho ya ce idonsa ba ya ganin ramin allura yanzu, saboda haka telanmu ya zauna a wurinsa mako biyu, ya yanka a gabansa, ya koyi tazarar layi, sauran ya ƙarasa a gida. Da muka komo muka yi wa jama'a bayani, muka sa kofin zoɓon nan a gabansu, aka sake karo-karo, ko da yake wasu har yau ba su biya nasu ba.

An hau da sabon lifidin a Babbar Sallah ta Yuni 2024. Samari sun yi ƙorafi cewa ba ya ƙyalli kamar na bara, wai sai ka ce ya shekara biyar. Da aka sauke shi bayansa ya jiƙe da gumi, muka duba cinyoyin doki ba ɗigon ja ko ɗaya, kuma ya bushe bai tattare ba. Ruwan sama kuwa bai sauko ba sai da doki ya shiga barga, don haka teloli biyu a unguwa suna nan a kan bakansu cewa ba a gwada komi ba tukuna. Wancan da ya lalace mata sun farke shi, sun zubar da audugar, sun fitar da barguna uku daga fuskarsa, an kai makarantar allo ta bayan kasuwa.